Gobara Na Ci, Wayoyi Na Sama: Shaida Muke Ɗauka Ko Kallo Muke Yi?



'Yan uwa, makon jiya wani bawan Allah ya aiko mini da tambaya. Ya ce shi mai sha'awar ɗaukar hoto ne, kuma duk lokacin da ya ji jiniyar motar kwana-kwana sai ya bi ta, ya je ya ɗauki ma'aikatan suna fama da wuta. Ya ce niyyarsa mutane su ga irin wahalar da bayin Allahn nan suke sha. To sai wani abokinsa ya ce masa abin da yake yi rashin imani ne. Shi ne yake tambaya: "Malam, ina da laifi?"

Na yi kwana huɗu ban amsa masa ba, saboda tambayar ta fama mini wani tsohon miki. Ni ma na taɓa tsayawa a gaban gobara da waya a hannu. Bari in fara da nawa labarin, don kada in yi wa wasu faɗa a kan laifin da ni ma na aikata.

Lokacin hunturu ne, 'yan shekarun baya. Mun idar da sallar isha'i ke nan sai muka ji ihu daga bayan layinmu. Wani gidan bene ne, ƙasa shaguna, sama 'yan haya. Wutar ta tashi daga ɗaya daga cikin shagunan, ga iska tana kaɗawa. Kafin in isa, layin ya cika maƙil. Wasu samari suna ta jido ruwa daga kurar 'yan garuwa, amma masu ɗaga wayoyi sun ninka masu bokiti nesa ba kusa ba. Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Kawai na ga kaina ina ɗauka kamar kowa.

Motar kwana-kwana ta iso bakin layi ta kasa shigowa. Ga adaidaita sahu an ajiye, ga babura, ga mutane sun ba ta baya saboda hankalinsu yana kan waya. Direban ya yi ta danna ham har ya gaji. Dole ma'aikatan suka sauko suka riƙa jan tiyo da hannu tun daga bakin titi. Ina tsaye ina ɗauka sai na ji an taɓa kafaɗata. Wani dattijo ne cikin kayan aiki, gumi yana zuba a fuskarsa a cikin wannan sanyin. Ya ce, "Malam, don Allah ɗaga ƙafarka, ka take mana tiyo." Bai ɗaga murya ba, bai ƙara komai ba, ya ja abinsa ya wuce.

Can an jima suka sauko da wata baiwar Allah ta kan tsani. Daga ita sai zanen da ta ɗaura, babu mayafi, babu ɗankwali, tana tari tana kiran sunan ɗanta. Wallahi kamar an ba da umarni, wayoyin nan duka suka juya kanta, har da masu kunna fitila. Wani tsoho mai sayar da goro a bakin masallacinmu ne ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe ta, sannan ya juyo ya dube mu. Ni da nake karantar da babin sutura a majalisi, ina cikin waɗanda ya duba.

Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba a daren, yaron ma an same shi a hannun maƙwabta. Da na koma gida na kalli abin da na ɗauka, na ji muryar dattijon nan a ciki yana roƙona in ɗaga ƙafa. Na goge shi nan take. Amma kafin asuba bidiyon matar ya riga ya shiga zaurukan WhatsApp na unguwa, daga wayoyin wasu. Bayan 'yan watanni ita da mijinta suka tashi daga unguwar. Ban san dalilinsu ba, amma na san abin da zuciyata take gaya mini.

To, kafin mu shiga amsa, bari mu ajiye saɓanin malamai a kan hukuncin hoto shi kansa. Wannan bahasi ne daban, kuma an yi shi da yawa. Wanda yake ganin hoton mai rai bai halatta ba sai da larura, shi maganarsa ta ƙare. Ina magana ne da mu da muke ɗauke da kyamara a aljihu dare da rana, muna ɗaukar biki da suna da walima. Ko a wurin mai ganin halaccin hoto, akwai tambayar da ta rage: mutum yana tsaka da musiba, wani yana tsaka da sayar da ransa don ya cece shi, ni kuma na ɗaga waya. Mene ne matsayina?

Abu mafi sauƙi a gare ni shi ne in ce haramun ne kawai, in rufe littafi. Amma adalci bai yarda da haka ba, kuma ga dalili.

A ranar 22 ga Yuli, 1975, gobara ta tashi a wani gidan bene a birnin Boston na Amurka. Wata matashiya mai shekara 19 da wata yarinya 'yar shekara 2 suka maƙale a kan matakalar ƙarfe ta gudun gobara, irin wadda ake liƙawa a bayan gini, a hawa na biyar. Wani ɗan kwana-kwana ya isa wurinsu, ya kare su daga zafin wutar da jikinsa, yana jiran tsanin mota ya ƙaraso. Wani ɗan jarida mai suna Stanley Forman yana ƙasa yana ɗaukar hoto, yana zaton ceto ne za a yi a gama lafiya. Ma'aikacin yana kama tsanin ke nan sai matakalar ta ɓalle. Shi ya rataya a jikin tsani, su biyun suka faɗo. Matashiyar ta rasu, yarinyar ta rayu. Kyamarar Forman ta kama su suna cikin iska.

Jaridu da yawa sun buga hoton, masu karatu da yawa kuma suka fusata, suka ce an mayar da mutuwar baiwar Allah hajar sayar da jarida. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma hoton nan ne ya sa mahukuntan birnin suka tsaurara dokar duba irin waɗannan matakalu, ya kuma ci babbar kyautar aikin jarida ta Pulitzer a 1976. Haka nan bayan gobarar dogon benen Grenfell a Landan a 2017, 'yan sanda da kansu suka roƙi jama'a su kawo hotuna da bidiyon da suka ɗauka. Da irin waɗannan aka bi diddigin yadda wutar ta haye gini mai hawa 24 ta jikin rufin da aka lulluɓe bangonsa da shi ta waje.

Mu ma a nan gida, wanda ya ga hotunan kasuwar Sabon Gari ta Kano bayan gobarar Maris ɗin 2016, ko na kasuwar Monday Market ta Maiduguri a Fabrairun 2023, ya san hoto yana motsa zuciya ya buɗe aljihu ta yadda dogon bayani ba ya iyawa. Kuma 'yan kwana-kwana mutane ne da muka fi tunawa da su lokacin zagi. Hoton da zai nuna wa jama'a mutum yana shiga inda kowa yake gudu, wani lokacin ma da kayan aikin da ba su kai ba, wannan hoton ya yi musu adalci.

Saboda haka ni abin da na fahimta shi ne: hoto a wurin gobara shaida ne, shaida kuma amana ce. Duk wanda ya ɗaga waya a wurin ya ɗora wa kansa haƙƙoƙi uku, ko ya sani ko bai sani ba: haƙƙin hanya, haƙƙin wanda gobarar ta shafa, da haƙƙin shi ma'aikacin da yake ɗauka.

Mu fara da haƙƙin hanya. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa da sahabbai suka nuna ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya shar'anta musu su ba hanya haƙƙinta, kuma a cikin abin da ya lissafa akwai runtse ido da kame cuta. Wannan fa a ranar da ake zaman lafiya ke nan. Ina ga ranar da hanyar ita ce tsakanin mutum da ajalinsa?

A ranar 19 ga Janairu, 2017, gobara ta kama ginin Plasco a tsakiyar birnin Tehran na Iran. Bene ne mai hawa 17, cike da shagunan tufafi da wuraren ɗinki, ka ce Kantin Kwari ne aka ɗora wani kan wani. Bayan sa'o'i ana fama, ginin ya rufta gaba ɗaya, 'yan kwana-kwana suna ciki. Su 16 suka rasu, ban da sauran mutane. Abin da ya ƙara wa mutanen ƙasar baƙin ciki shi ne cincirindon 'yan kallo da suka cika titunan wurin, wayoyi a sama, wasu har da hoton ɗauki-kanka, alhali jami'ai suna ta roƙo a watse don motocin agaji su samu hanya. An daɗe ana muhawara a kan wannan a jaridun ƙasar. Kuma ina da tabbacin babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan da ya fito gida da niyyar cutar da wani. Kowa yana ganin shi ɗaya ne, tsayuwarsa ba za ta rage komai ba. Haka ni ma na ɗauka a daren da na take tiyo.

Wanda bai san yadda wuta take aiki ba shi ne yake raina minti ɗaya. Ɗakin da ke da katifa da kujerun soso da labule, cikin 'yan mintuna zafi yake taruwa a sama har komai na ciki ya kama a lokaci guda. Kuma yawancin waɗanda suke rasuwa a gobarar gini hayaƙi ne yake kashe su tun kafin harshen wuta ya iso gare su, domin a cikinsa akwai iska mai guba da take sumar da mutum. Ke nan mintuna ukun da mota ta ɓata a bakin layi tana danna ham, daga numfashin wani aka cire su. Shi ya sa ƙasar Jamus tun 2017 ta mayar da tare wa masu ceto hanya laifin da zai iya kai mutum kurkuku, daga 2021 kuma ta haɗa da ɗaukar hoton gawar wanda ya mutu a hatsari ta hanyar tozartawa. Su doka ce ta hana su. Mu kuwa tun kafin doka an koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Abin kunya ne a ce mu ne muka zama abin da ya kamata a kawar.

Na biyu, haƙƙin wanda gobarar ta shafa. Mai tambayata ya ce shi ma'aikata yake ɗauka. Na yarda da shi. Amma ɗan kwana-kwana ba ya aiki shi kaɗai a fili. Yana cikin gidan mutane, yana ɗauke da 'yar mutane, a bayansa ga uwar ɗakin wani a buɗe. Gobara tana rushe katangar da Musulunci ya gina wa gida, wadda ta sa aka ce ka yi sallama, ka nemi izini har sau uku, in ba a ba ka ba ka koma. Wuta ta cinye ƙofa, amma ba ta cinye hukuncin neman izini ba. Matar da ta yi shekara ashirin maƙwabcinta bai taɓa ganin gashin kanta ba, larura ta fito da ita a yadda take. Shari'a ta yi mata uzuri, ta yi wa wanda ya ɗauko ta uzuri. Kai mai waya, wane uzuri aka yi maka? Idon da ya gani bisa kuskure yana iya kawar da kai ya manta. Bidiyo kuwa yana nan, ana turawa, ana adanawa, wata rana ɗanta zai girma ya ci karo da shi.

Gobarar Grenfell da na ambata ta tashi ne cikin daren 14 ga Yuni, 2017, a watan Ramadan, ta ci rayuka 72, da yawansu Musulmi ne. An ba da labarin yadda waɗanda ba su yi barci ba saboda sahur suka riƙa buga ƙofofin maƙwabta suna tashin su. A wannan unguwar dai kotu ta ɗaure wani mutum wata uku saboda ya ɗauki hoton gawar ɗaya daga cikin mamatan ya saka a Facebook. Daga baya mazauna unguwar sai da suka liƙa takardu suna roƙon baƙi su daina zuwa ɗaukar hoton kansu a gaban ƙonannen ginin. Dare ɗaya, unguwa ɗaya, wani ya buga ƙofa, wani ya ɗaga waya.

A addininmu alfarmar mamaci kamar ta mai rai take. Kuma ya zo a hadisi cewa wanda gobara ta kashe yana cikin masu samun ladan shahada. Mu kuma al'adarmu idan an yi rasuwa, dattijo ake samu ya je ya zauna da iyali, ya yi musu nasiha, sannan ya faɗa musu a hankali. Yau uwa tana zaune a wani gari sai ta buɗe waya ta ga ana fito da gawa, ta gane ɗanta ta rigar da ke jikinsa. Wanda ya tura bidiyon ya rubuta "Innalillahi" a ƙasa, yana ganin ya yi aikin lada. Ɗan uwa, wannan kalmar ba za ta wanke abin da ka yi wa uwar nan ba.

Na uku, kuma shi aka fi mantawa, haƙƙin shi ɗan kwana-kwanan. Sau nawa muka ga bidiyo na daƙiƙa talatin, ma'aikata suna tsaye wuta tana ci, an rubuta a kai cewa sun zo sun zuba ido? Sau nawa aka ɗauki mota tana barin wuri aka ce ai ba su zo da ruwa ba? Nan da nan sharhi ya cika da tsinuwa. Har ta kai a wasu wuraren ana tarbar su da jifa.

To ga abin da daƙiƙa talatin ba ta nunawa. Tankin motar kashe gobara lita dubu kaɗan yake ɗauka, tiyo ɗaya kuma yana fitar da ɗaruruwan lita a minti guda. Ke nan cikin mintuna kaɗan tanki zai iya ƙarewa, kuma a unguwar da babu famfon gobara a bakin titi dole mota ta koma ta ɗebo. Wanda ya iso a makare ya ga tana juyawa sai ya rantse ba ta zo da komai ba. Ma'aikacin da ka gani a tsaye wataƙila jira yake a yanke wutar lantarki, domin ruwa yana ɗaukar lantarki ya dawo da shi kan mai riƙe da tiyo. Wataƙila fetur ne ko man girki yake ci, wanda in ka watsa masa ruwa sai ya fantsama ya ƙara yaɗuwa. Wataƙila an gaya masa akwai tukwanen gas a ciki. Wataƙila ya ga bango ya tsage, ya san rufin yana gab da faɗowa. Wataƙila kuma yanzu ya fito, iskar tukunyar da ke bayansa ta ƙare, domin kusan rabin awa take yi, in aiki ya yi tsanani ma ba ta kaiwa. Duk wannan kyamararka ba ta gani ba. Ta ga mutum a tsaye kawai.

A cikin Suratul Hujurat Allah Ya umarce mu da bin diddigin labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci, a cikinta kuma Ya hane mu da yawan zato. Mun saba ɗaukar wannan a kan maganar baki. Ai bidiyo ma labari ne, kuma ya fi maganar baki haɗari, saboda mai kallo yana cewa "da idona na gani." Kana iya yi wa mutum ƙazafi ba tare da ka furta ƙarya ko ɗaya ba, in dai ka yanke gaba ka yanke baya.

Kada a fahimce ni da cewa a rufe sakaci. In da gaske an kira ba a zo ba, ko an zo babu kayan aiki, wannan haƙƙin jama'a ne a faɗa, kuma hoto yana taimakawa. Amma mai shaida na gaskiya yana faɗin ƙarfe nawa aka kira, ƙarfe nawa aka iso, me ya tare hanya, sannan ya kai maganar inda za a gyara. Sau da yawa ma in ka bi diddigi za ka tarar laifin yana wurin waɗanda ya kamata su sayi motoci su gina tankuna, da mu da muka gina shaguna a kan hanyar da aka bari don mota ta wuce. Shi wanda yake riƙe da tiyo shi ne kawai fuskar da ta shiga hoto.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan ukun wahalar faɗa, wato niyya. Da na zauna na binciki kaina bayan wancan daren, na so in ce don wa'azi na ɗauka, don in nuna wa mutane su ji tsoron Allah. Amma da na matsa wa zuciyata sai ta faɗi gaskiya: so nake in zama na farkon da ya saka. So nake a ce a shafin Malam aka fara gani. Shaiɗan ba ya zuwa wa irinmu da sunan kallo. Da sunan faɗakarwa yake zuwa. Ga gwaji mai sauƙi da na samu: da a ce za a karɓi bidiyon nan a kai wa masu bincike ko hukumar kashe gobara, babu sunanka, babu wanda zai san kai ka ɗauka, za ka tsaya ka ɗauka? In amsar e ce, to da alama shaida kake nema. In ka ji sha'awar ta mutu, ka san abin da ya fito da wayar daga aljihu.

Shi kansa Forman, wanda aikinsa ke nan kuma da shi yake ci, ya faɗa daga baya cewa da ya fahimci abin da ke faruwa sai ya juya baya, bai iya kallon isarsu ƙasa ba. Kuma a inda yake babu abin da hannunsa zai iya yi musu. Ni kuwa a daren layinmu akwai bokiti a gefena, akwai babura da ke buƙatar a janye, akwai babbar riga a jikina irin ta tsohon nan mai goro. Ceton rai farali ne na kifaya, kuma ba ya sauka daga kan jama'ar da ke wurin sai an samu waɗanda suka wadatar. Zuwan motar kwana-kwana bai sauke mana shi duka ba, in dai tana bakin layi ta kasa shigowa.

Saboda haka ga tsarin da nake ba kaina da ku shawara. In ka ga gobara, aikin farko na wayarka kira ne: lambar gaggawa ta 112, ko lambar ofishin kashe gobara mafi kusa, wadda ya kamata tun yau ka nema ka adana. Kada ka ce wani ya kira, domin kowa haka yake cewa. Ka faɗi unguwa da layi da wata alama da direba zai gane. Sannan a samu masu tsayawa a bakin titi su nuna hanya, a janye motoci da babura, a mayar da yara baya. In ma'aikata sun iso, wanda ya san gidan ya gaya musu mutum nawa ne a ciki, ta wane ɗaki, ina tukunyar gas take, ina janareta da jarkokin mai. Mata su fito da zannuwa da hijabai don waɗanda za a fito da su. Wasu su tsare kayan da aka tsamo, domin ɓarayi ma suna halartar gobara. Wanda bai samu gurbi a duk wannan ba, matsawarsa baya ita ce gudummawarsa, kuma in ya yi da niyya yana da lada.

In duk an yi wannan, kana nesa, ba ka tare kowa ba, kuma kana da dalilin da za ka iya faɗa a gaban Allah, to ka ɗauki aikin: motar, tsanin, ruwan, mazajen da ke fama. Da zarar an fito da mutum, mai rai ko gawa, ka sauke waya. Kada ka watsa kai tsaye, domin a nan ba ka da ikon tace abin da zai shigo. Ka bar abin da ka ɗauka ya kwana. Da safe ka kalle shi ka tambayi kanka: in gidanmu ne, in mahaifiyata ce a wannan tagar, zan yarda a saka? In akwai fuskar wani a ciki, ka nemi izininsa. Malamai sun ce tunkuɗe ɓarna ake gabatarwa a kan janyo amfani. Amfanin da kake hange zato ne, tozarcin da zai samu mai gidan kuwa tabbas ne.

Kai kuma ɗan uwana mai tambaya, ga amsarka. Ban ce ka jefar da kyamararka ba, kuma ban yarda da abokinka cewa ba ka da imani ba. Wanda ya damu har ya yi tambaya, zuciyarsa tana raye. Amma ka daina bin jiniya kamar mai bin ganga. Ka je ofishinsu da rana tsaka, ka gabatar da kanka, ka tambaye su inda suke so mai hoto ya tsaya da inda ba sa so. Ka ɗauke su suna atisaye, suna gyaran tiyo, suna wanke mota bayan sun kwana a bakin wuta. Ka nuna musu hotunan kafin ka nuna wa duniya. Ka koyi taimakon farko, don ranar da za a buƙaci hannunka fiye da idonka. In ka yi haka, ina fatan sha'awarka ta zama hidima.

Hausawa suna cewa in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu riƙa tuna cewa gidan da muke ɗauka yau, gobe yana iya zama namu, kuma waɗanda za su cika layin su ne waɗanda muka koya wa ɗaga waya. Dattijon da ya ce in ɗaga ƙafa ban sake ganinsa ba, ban san sunansa ba. In yana raye Allah Ya saka masa da alheri, in ya riga mu Allah Ya haskaka kabarinsa. Baiwar Allahn nan kuma, in wannan rubutu ya isa gare ta, ina roƙon ta yafe mana.

Allah Ya tsare mu da gobarar duniya da wutar lahira. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a cikinta, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya kare ma'aikatan da suke shiga wuta dominmu, Ya mayar da su ga iyalansu lafiya. Allah Ya suturta mu duniya da lahira.

Wallahu a'alam.